Haruffa Shida

Sana'ata fenti ce, a bakin titin Bauchi,
tsakanin mai walda da mai faci.
A kawo mini magana in ɗora ta a kan allo,
ba na tambayar asalinta.
Kuɗina a kan harafi yake, dogon zance riba ne.

Ran wata Talata Ɗanjummai, sakataren tasha,
ya zaro takarda daga cikin hularsa:
"Rubuta da ja, yadda mai hakiya ma zai gani,
BA MA ƊAUKAR ALHAKIN KAYAN KOWA."
Na ƙirga, na faɗi farashi, ya riƙe baki.
Ya sa biro ya soke "kayan", ya tsira da kuɗin harafi biyar,
ya ce ai kowa ya gane.

Alhaki.
Haruffa shida ne in yana tsaye shi kaɗai,
bakwai in ya sami wanda zai maƙale wa,
ya fito da wutsiya.

A bakin kakata Tabawa na fara jin sa, a Gangare,
ita da wankin kuza a Dilimi ya cinye wa farce.
In na jefi ƙadangare, sai ta ce kul,
kada ka ɗauki alhakinsa.
In na ce maƙwabci ne ya kama mana kaza, alhali ban gani ba,
ta ce ka ɗau alhakin bawan Allah, je ka kurkure baki.
A wurinta abin gudu ne,
kwikwiyon nan da ba ya ɓatan hanyar gidan mai shi.

Amma a rediyon mai shayi wata riga yake sawa.
Gini ya rufta, gada ta karye, fansho ya maƙale,
sai ka ji an ce har yanzu ba wanda ya ɗauki alhaki.
Abin da aka hana ni taɓawa ina yaro
shi ake cigiyar mai ɗauka, gari guda an rasa.

Na je karɓar cikon kuɗina ranar Asabar.
Na tarar da Ngo Kachollom daga Vom,
ta kawo dankali buhu biyu za ta tura Kano,
ta je ta sha ruwa, ta dawo, saura ɗaya.
Yaron mota bai ce mata uffan ba,
allona kawai ya nuna mata da haɓa.

Ta dube ni, ta ga fenti a rigata.
"Ɗana, idona bai yi makaranta ba, karanta mini."
Na karanta, muryata can ƙasa.
Sai fuskarta ta saki.
"Madalla. Ashe masu tsoron Allah ne.
Tunda ba sa ɗaukar alhakin kowa,
ba a kaina za su fara ba."
Ta kakkaɓe zani, ta zauna a kan buhun da ya rage.

Ɗanjummai ya zo da bayani, doka kaza, ƙa'ida kaza.
Tana gyaɗa kai tana nuna masa allon,
shi ma allon yake nuna mata.
La'asar ta wuce su a haka.
Hazo ya sauko daga kan duwatsu, sanyi ya fara cizo,
ta ƙara jan mayafi, ba ta motsa ba.

Ni dai an biya ni.
Na bi ta Zololo zuwa gida,
ina jin sawu ƙanana a bayana, in na waiga ba kowa.
Na wanke hannu da kananzir har sau uku,
jan yana nan a ƙarƙashin farce.

Ban san ko an biya ta ba, ban iya tambaya ba.
Da safe dai sai ga Ɗanjummai, ido ya yi zuru-zuru,
da kuɗin harafi biyar ɗin nan a hannu:
"Zo ka mayar mana da kalmar da muka cire."

Na dubi gwangwanina, cike yake har baki.
Na dora masa tsumma.
Na ce masa jan fenti ya ƙare.